Kada a tsaya a Istanbul kawai, a leƙa Izmir

Mutanenmu in sun ce za su Turkiyya, Istanbul suke nufi: kasuwannin Laleli da Merter, kargo, gida. A ganina duk mai kwana biyu a hannu ya yi asara in bai leƙa Izmir ba. Tafiyar awa ɗaya ce a jirgi, ita ce birni na uku a girma a ƙasar, tsohuwar tashar jiragen ruwa da a da ake kira Simirna.

Daga filin jirgin Adnan Menderes kada ka biye wa tasi. Sayi katin İzmirim Kart, ka hau jirgin ƙasa na İZBAN zuwa cikin gari. Da katin nan za ka hau bas, tiram, har jirgin ruwan da ke tsallakawa daga Konak zuwa Karşıyaka.

Fara daga dandalin Konak, wurin hasumiyar agogon da aka gina a 1901. Bayanta kasuwar Kemeraltı take. Babban titinta, Anafartalar, ya lanƙwashe kamar baka saboda bakin tsohuwar tashar ruwa ya bi kafin a cike ta da ƙasa. Riƙe shi da kyau, lungunan gefe sun fi na Kurmi ruɗarwa. In ƙafa ta gaji, shiga Kızlarağası Hanı, masaukin fatake na 1744, ka sha shayi. Masallacin Hisar na manne da shi, alwala da salla ba wahala. Kangon kasuwar Rumawa, Agora, ma a ƙafa ake zuwa.

Masu haɗa lefe, a nan ake kuskure. Gwal ɗin da ke cikin gilashi ba duka ne karat 22 ba. Yawancin sarƙoƙi masu ƙyalli 14 ne, kuma ranar da za a sayar a gida sai an yi kuka. Duba hatimi: 916 shi ne 22, 585 shi ne 14. A auna a gabanka, a faɗa maka kuɗin giram daban, kuɗin aiki daban, a kan na aikin ake ciniki. Rigar amarya kuwa sana'ar garin ce, shagunan suna unguwar Çankaya. “Toptan” na nufin sari, kuma sau da yawa sai ka ɗauki jerin sayiz gaba ɗaya, ba za a zare maka guda ba.

Canji kaɗan a filin jirgi, sauran a shagunan “Döviz” na cikin gari. In na'urar kati ta tambaye ka dala ko lira, zaɓi lira. Ranar Lahadi shaguna da yawa a rufe suke, sai ka ware ta don kangon tsohon birnin Afisa kusa da Selçuk, kimanin kilomita 80, da sassafe, don ranar Yuli da Agusta ba ta wasa kuma inuwa ƙalilan ce.

Kafin ka cika jaka da busasshen ɓaure da zabibi, duba tikitinka. In jirgin komawa Istanbul daban ka saya, kilonsa bai kai na jirgin da ya kawo ka ba, ƙarin kaya zai cinye rangwamen da ka samu.