Dalar Baffa da jarrabawar Amurka

Bafulatani ya shigo Kasuwar Kurmi riƙe da ɗan akwati, ya tarar da Bakano a rumfarsa, Bazazzagi na gefe yana shan inuwa.

Bafulatani: Alhaji, yarona na Amurka ne ya aiko da wannan sulalla. Wai in adana, ko in sayar, ko a kai ta jarrabawa. Aradu ban san kuɗi na shiga makaranta ba.

Bakano: Takardarta ta ce dala ɗaya ce. Zan ba ka kuɗin dala biyu, don zumunci.

Bazazzagi: Zumuncin kura da akuya! Baffa, kar ka yarda. Silver Eagle ce, tun 1986 Amurka ke buga ta. Azurfa ce zalla, giram 31 da ɗoriya, nauyinta kaɗai ya ninka dala sau da yawa. Kuma bugun madubi ce: sai an goge ƙarfen ya yi sheƙi, a buga shi sau biyu ko fiye. Don masu tarawa ake yin ta, ba don cefane ba.

Bakano: Wa ya sa da kai? Inuwar ma ban karɓi kuɗinta ba.

Bafulatani: To jarrabawar fa?

Bazazzagi: Kamfanoni ne a can, PCGS da NGC. Ka biya, su ƙare mata kallo da gilashi, su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta cikin roba.

Bafulatani: In ta ci 69?

Bazazzagi: Sai haƙuri. Masu 69 sun cika kasuwa, wani lokaci ko kuɗin jarrabawar ba sa mayarwa. 70 ake nema.

Bafulatani: Yarona 69 ya ci muka yanka rago!

Bakano: Ka ji ko? Kuɗin makaranta, kuɗin jirgi, ta dawo ta faɗi. Sayar min ka huta.

Bafulatani: In na adana, tana haihuwa?

Bazazzagi: Ba ta haihuwa, amma wata kan yi tsada. Ta 1995 mai harafin W, guda 30,125 kacal aka buga, yau dubban daloli take. Buɗe mu ga taka. A hankali fa, shatin yatsa ma rage maki yake.

Baffa ya buɗe. Sai ga sulalla da huda a ka, da zare a ciki.

Bazazzagi: Innalillahi! Wa ya yi wannan aika-aika?

Bafulatani: Inna wuro ce. Ta goge ta da toka, maƙeri ya huda, ta sa a kitso ranar suna. Maki nawa yanzu?

Bazazzagi: Mai huda ba a ba ta maki, Baffa.

Bakano: Yaro, miƙo sikeli! Za mu auna, mu cire na hudar.

Bafulatani: Cirewa? Aradu sai dai ka ƙara. Maƙerin ma sai da na biya shi.