Wa Ake Mantawa a Wurin Rabo?

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Rikicin farko da ya nemi raba ikkilisiyar Urushalima gida biyu a kan abinci ya taso. Littafin Ayyukan Manzanni sura 6 ya nuna mana cewa masu bi na lokacin kashi biyu ne: Ibraniyawa 'yan gida, da Yahudawa masu jin Helenanci. Kowace rana akan yi wa gwauraye rabo, sai masu jin Helenanci suka fara gunaguni cewa ana tsallake nasu gwaurayen. Nassi bai ce da gangan aka yi ba, kuma mai yiwuwa mai rabon waɗanda ya sani ne kawai yake tunawa da su, amma ga matar da ta koma gida da kwano wayam, ganganci da mantuwa duk ɗaya ne.

Abin da manzanni suka yi shi ne ya kamata dattawanmu su zauna su yi nazari a kai. Ba su musa zancen ba, ba su kuma ce wa masu kuka su yi shiru su je su yi addu'a ba. Sun tara jama'a duka, suka ce a zaɓi mutum bakwai waɗanda ake yi wa kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, a danƙa musu aikin. Ku duba sunayen waɗanda aka zaɓa, tun daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, wanda ma ba a haife shi Bayahude ba: dukansu sunayen Helenanci ne. Masana da yawa sun fahimci cewa daga ɓangaren da aka ɓata wa rai aka ɗauko su. Wato masu rinjaye sun miƙa makullin rumbu ga waɗanda suka kawo ƙara, kuma a ganina wannan ya fi kowace huɗuba a kan ƙauna wuyar aikatawa. Bayan haka ne aya ta 7 ta ce maganar Allah ta yi ta haɓaka.

Mu ma gadon tarayya muka ci. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Bajju da Berom, Ngas da Tangale, Bura da Bachama suke zama a benci ɗaya suna jin karatu da harshe ɗaya. A 1955 ikkilisiyoyin da mishan daban-daban suka kafa suka haɗu suka kafa tarayyar da yanzu ake kira TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, a 1976 kuma aka kafa CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya. Iyayenmu sun yi nasu.

To, amma ina muke idan zaɓen dattawa ya ƙarato? Tun saura mako biyu ake fara kiran waya cikin dare, ana cewa kada a bari kujerar ma'aji ta fita daga hannun namu, sai ranar Lahadi mu tashi mu rera waƙar zumunci kamar ba a yi komai ba. Bayan godiyar kaka, idan an zo raba masara da dawa, a lura da sunayen da suke saman takarda. Akwai gwauruwar da take zama a bencin baya, ba ta fashin sujada, ba ta fashin taron Zumuntar Mata, amma ba ta da ɗan gari a cikin kwamiti, don haka sai buhu ya kusa ƙarewa ake tunawa da ita. Da yawa daga cikin irin waɗannan 'yan'uwa sun gudo ne daga Gwoza, Madagali, Michika da Mubi a 2014, suka watsu zuwa Yola, Jos da Abuja, kuma har yau a wasu majami'u baƙi ake kiransu. Haka ake samun 'yan mowa da 'yan bora a gidan Uba ɗaya, alhali Ubangiji ya faɗa a Yohanna 13:35 cewa da ƙaunar juna ne kowa zai gane mu almajiransa ne. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa shiga taron dattawanmu, amma suna ganin wanda muke cika gidansa ranar ta'aziyya da wanda muke bari da mutum uku a kan tabarma.

Ga wanda aka tsallake, ina roƙonka kada ka kwashe iyalinka ka sauya majami'a a ɓoye, kada kuma ka kai kukanka Facebook tun ba ka kai shi ga fasto ba, domin Matiyu 18:15 ya ce a fara da magana tsakaninka da ɗan'uwanka ku kaɗai. Ga fastoci da dattawa kuma, kafin rabo na gaba ku buɗe takardar tallafi, ku karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ku tambayi shugabar Zumuntar Mata wace ce ba ta ciki, sa'an nan ku sa wani daga cikin waɗanda suka yi kuka ya riƙe mudun.