Jiran jirgi a tashar Nguru

Tun 1930 layin dogo ya iso Nguru daga Kano, ta Ringim da Malam Madori, amma har yau samun jirgi a kan lokaci sai an dace. Mai kaya ya taso daga Gashuwa ko Machina da buhunan gero da busasshen kifi, ya biya mota, ya biya 'yan dako, sannan ya zauna gadin kayansa. Kifi kuwa ba ya jira, ƙwari ke shiga.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Layi ɗaya ne tal, ƙaramin nan mai faɗin milimita 1,067. Inji ya mutu a tsakanin tasha biyu, komai ya tsaya cik. Da damina ruwa ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin ƙarfen, da rani yashi ya binne shi. Ga 'yan jari-bola da ke kwance kusoshi da noti, ƙarfe ya saki, dole direba ya riƙa rarrafe don kada tarago ya goce.

Duk wannan an ji. To allon sanarwa ma da alli ya gagara? A rubuta "yau babu jirgi" mana, mutane su nemi tirela tun da safe!