Ƙannena masu rubuta manhaja, ku daina cewa "haka yake yi wani lokaci"

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin matasanmu masu gina shafukan intanet, kuma duk sanda na ji ta sai raina ya sosu: "Ai haka yake yi wani lokaci, sake loda shafin zai yi." Ƙanena, kwamfuta ba ta da iskokai. Idan umarnin da ka tura wa rumbun bayanai ya wuce sau casa'in da tara ya faɗi a na ɗari, to akwai abin da ya bambanta a na ɗarin nan: ko lokaci, ko yawan masu shigowa, ko abin da aka rubuta a fom. Ruwa ba ya tsami banza. Kuma ba za ka gano bambancin ba muddin ka toshe wa kuskuren baki.

Toshe bakin nan shi ne babban laifinmu. Wani ya manna alamar @ a gaban umarni a PHP, yaren rubuta manhaja, don kada saƙon kuskure ya fito, wani ya kama kuskuren da try ya bar cikin catch, inda ya kamata a rubuta abin da za a yi da kuskuren, fayau. PDO ma, hanyar da PHP ke bi wajen magana da rumbun bayanai, a da shiru yake yi sai ka ce masa ya yi magana. Sai a PHP 8.0 aka mayar da shi mai jefo kuskure da kansa, takwaransa mysqli ya biyo baya a 8.1. Saboda haka kafin ka taɓa komai, buɗe kundi: duk faɗuwa a rubuta lokacinta har daƙiƙa, da lambar kuskuren, da umarnin SQL ɗin (yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi), da tsawon lokacin da ya ɗauka. Kalmar sirrin mutane ce kawai ba ta shiga kundin.

Ni ma an yi da ni. Wani fom na rajista da na rubuta ya riƙa ƙin karɓar wasu mutane, muka yi ta ɗora wa sabar laifi, muna kashe ta muna kunnawa. Ranar da na haƙura na sa kundin, ina dubawa sai ga lamba 1064, ta kuskuren tsarin jimlar SQL, a jere, kuma duk sunayen irin su Mu'azu ne, Sa'adatu, Ma'arufu. Ɗan waƙafin saman da ke tsakiyar sunan shi yake rufe jimlar SQL tun ba ta kai ƙarshe ba, domin na liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin. Kunya ta ishe ni, don wannan ƙofar ce dai ɓarayin bayanai ke bi. Maganinta prepare: ka bar gurbi da alamar tambaya, ka aika sunan daban. Ƙanwar wannan matsalar ita ce ta ƙ da ɗ da ɓ, idan an gina teburin bayanan a kan latin1, tsarin haruffan da babu su a cikinsa. MySQL, manhajar rumbun bayanan, zai iya jefo maka 1366, ko ya mayar da harafin alamar tambaya. Koma utf8mb4, tsarin da ya ƙunshi haruffan nan, a teburi da kuma wurin buɗe haɗi da rumbun bayanai.

Lambobin nan magana suke yi. Idan ka ga 2006, sabar ta yanke haɗin. MySQL yana rufe haɗin da ya zauna ba aiki bayan daƙiƙa 28800, wato awa takwas, kuma masu ba da hayar sabar sukan rage wannan wa'adi, wato wait_timeout, ƙasa da haka sosai. Shi ya sa manhajar da ta kwana a kunne take faɗuwa a umarnin farko da safe. Haka lambar take fitowa idan abin da ka tura ya wuce max_allowed_packet, wato iyakar girman saƙo guda, kamar babban hoto. Ita 1040 cewa take haɗi ya yi yawa: MySQL yana zuwa da iyakar 151, takwaransa PostgreSQL da 100. Kada ka ruga ƙara adadin. Duba ko wani wuri yana buɗe sabon haɗi a kowane zagaye, ko wani umarni mai nauyi ya riƙe haɗi.

Sai 1213, wadda ta fi wahalar kamawa domin ba kasafai take faruwa a kwamfutarka inda kai kaɗai ne ba. Aiki biyu ne suka sarƙe: wannan ya kulle layi na ɗaya a teburi yana jiran na biyu, wancan ya kulle na biyu yana jiran na ɗaya, sai InnoDB, injin da ke kula da teburan MySQL, ya soke guda. 'Yar'uwarta 1205 tana zuwa bayan jiran daƙiƙa 50. SHOW ENGINE INNODB STATUS zai nuna maka sarƙewar ƙarshe da umarnan da suka yi ta, amma da zarar ka kashe sabar ka kunna, shaidar ta tafi. A nan ya halatta ka sake gwadawa sau biyu ko uku da ɗan jinkiri, amma aikin gaba ɗaya daga farkonsa, kuma ka riƙa kulle layuka a jeri guda ko'ina. Idan kuwa haɗi ne ya yanke daidai lokacin commit, wato umarnin tabbatar da rubutu, duba tukuna ko rubutun ya shiga, kada ka cire wa mutum kuɗi sau biyu.