Karkanda: filin da ya fi kwana a kulle

Har yau idan ka tare mai Keke Napep a Ƙofar Ƙwaya cikin birnin Katsina ka ce masa filin wasa na Muhammadu Dikko, zai iya ɗan yin jim. Ka ce Karkanda, sai ya ce ka hau. Tun 2016 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sauya wa filin suna, ta sa masa na Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, amma bakin mutane bai saki tsohon sunan ba. Ni sunan bai dame ni ba. Sarki Dikko mutumin wasa ne, kowa ya san shi da dawaki, kuma a zamaninsa folo ya kafu a Katsina. Abin da ya dame ni shi ne kwana nawa filin ke aiki a shekara.

Ba da sauƙi aka same shi ba. An kafa harsashinsa a farkon shekarun 1990, zamanin gwamnan soja John Madaki, sai aka watsar da aikin, gwamnatoci suka zo suka wuce yana nan ciyawa na cin sa. Sai a zamanin Ibrahim Shema aka kammala, aka buɗe shi a 2013, da wurin zaman mutum kimanin 35,000. Yaron da aka haifa lokacin da aka fara ginin ya isa aure kafin a buga ƙwallo a ciki.

To mu yi lissafi. Ƙungiyoyi 20 ne a babbar gasar Firimiya ta Najeriya, kowace tana buga wasa 19 a gida. Ke nan Katsina United na cika filin kwana 19 a kaka, in ma ta cika shi. Ƙara da lokutan da Kano Pillars ta yi aron sa saboda an hana ta wasa a filin Sani Abacha, sai tarukan siyasa da bukukuwan gwamnati. Sauran kwanakin fa?

Wanda ya taɓa zuwa ranar wasa ya san abin da ake asara. Tun kafin la'asar masu rake sun jera baro, mai awara ta ɗora kasko, yara na yawo da ruwan leda a bokiti, wasu sun shimfiɗa kwali a gefen katanga suna salla da sauri kada a take wasa ba su shiga ba. Mai rake ɗaya kan sayar da abin da ba zai sayar a kwana biyu a bakin titi ba. Washegari wurin tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke.

A lokaci guda kuma, zagaya unguwanni da yamma. Samari na buga ƙwallo a fegin da mai shi bai gina ba, duwatsu biyu ne ragarsu, ranar da aka sauke bulo wasa ya ƙare. Makarantu da yawa, musamman masu zaman kansu, ba su da filin da ɗalibi zai yi gudun mita ɗari. Wannan yaron da dare zai biya kuɗi a gidan kallo ya ga Arsenal, alhali bai taɓa taka filin garinsu ba.

Na san amsar masu kula da wurin: idan aka buɗe wa kowa, zai lalace, kuma gyara kuɗi ne. Da gaskiyarsu. Sai dai gangamin siyasa na yini ɗaya, da rumfuna da motoci da dubban ƙafafu, ya fi wasannin ƙarshe goma na gasar makarantu wahalar da fili, kuma ban ji an hana shi ba. Ban ce a hana ba ma. A sa wa mai taro kuɗin haya da na gyara, ko jam'iyyar da ke mulki ce, a bayyana abin da aka karɓa.

Da wannan kuɗin za a iya ware ranakun Asabar ga gasar makarantun sakandare da wasannin ƙarshe na kofin unguwanni, a ba 'yan mata lokacinsu na guje-guje da safe, da mata masu kula da su, yadda iyaye za su saki jiki. A liƙa jadawalin a bakin ƙofa, kowa ya san ranar da zai zo ba sai ya san wani a ma'aikatar wasanni ba.