Muna ƙirga matan da suka zo awo, wa ke ƙirga yaran bayan yaye?

Duk ƙarshen wata ma'aikaciyar ɗakin awo tana buɗe rijista ta haɗa jimilla: mata nawa suka zo awon farko, nawa aka yi wa gwajin HIV, nawa aka samu da ita, nawa aka ɗora kan magani. Alƙaluman su wuce ƙaramar hukuma, a shigar da su manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2, su isa Abuja. Rahoton yakan yi kyawun gani. A ganina dai yana tsayawa ne daidai inda aikin ya fara, domin abin da ake nema shi ne yaro ya kai yaye bai kamu ba, kuma wannan shi ne gurbin da aka fi bari babu komai a takardunmu.

Idan ba a yi komai ba, cikin jarirai 100 da iyayensu mata ke ɗauke da ƙwayar cutar, tsakanin 15 zuwa 45 za su kamu, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Idan uwa tana shan magani yadda ya kamata, adadin yana sauka ƙasa da 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta shaidar cewa ƙasa ta kawar da wannan hanyar yaɗuwa sai kashi 95 na masu juna biyu sun je awo, kashi 95 an gwada su, kashi 95 na masu cutar suna kan magani, sannan sabbin kamuwa ba su wuce 50 cikin haihuwa 100,000 ba. Kyuba ce ta fara samun wannan shaida a 2015, Tailan ta biyo a 2016.

Sai dai a lura, kashi 95 na wa? Nan lissafinmu ke karkacewa. A ce ƙaramar hukuma tana da masu ciki 10,000 a shekara, 4,000 suka zo awo, aka gwada 3,800. Rahoto zai ce an gwada kashi 95. Gaskiyar magana kashi 38 aka gwada. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 16. Saura duk a ɗaki suke haihuwa, a hannun ungozoma ko tsohuwar gida, babu rijistar da ta san da su. Wasu za su ce ai cutar ba ta da yawa a nan, tunda binciken yaɗuwar HIV na ƙasa (NAIIS) na 2018 ya sami kashi 1.4 a ƙasa baki ɗaya, Katsina da Jigawa kuma kusan 0.3, ƙasa sosai da na Akwa Ibom ko Binuwai. Haka ne. Amma inda haihuwa ta yi yawa ƙaramin kashi ma yara ne masu yawa, kuma inda cuta ta yi ƙaranci a nan ma'aikata suka fi sakin jiki.

Gwaji ɗaya a awon farko bai wadatar ba. Matar da aka samu lafiya lau a wata na huɗu tana iya kamuwa a wata na bakwai ko tana cikin shayarwa, kuma sabuwar kamuwa ta fi haɗari ga jariri saboda lokacin ƙwayar ta fi yawa a jini. Shi ya sa ake so a sake gwaji a watannin ƙarshe ko a ɗakin haihuwa. Gwajin miji kuwa, musamman a gidan da ke da kishiyoyi, shi ne layin da aka fi tsallakewa. Wadda aka samu da cutar ana ɗora ta kan ƙwaya ɗaya a rana, TLD, har tsawon rayuwa. Rubuta "an fara magani" ba ya nuna ana sha. Abin da ke nunawa shi ne awon yawan ƙwayar cutar a jini wajen mako na 34 zuwa 36 na ciki. Idan ya haura 1,000 a kowace mililita, ko uwar ba ta kai mako huɗu kan magani ba kafin haihuwa, jaririn yana rukunin masu babban haɗari: maimakon ruwan maganin kariya na nevirapine kaɗai na mako shida, a haɗa masa da zidovudine, a kai mako 12. Sakamakon da ya dawo bayan an yi suna bai amfana wa wannan shawara komai ba.

Yanzu ga inda zaren ke tsinkewa. Gwajin nan na tsinke da ake yi wa manya ba ya aiki ga jariri, domin sinadaran kariya na jikin uwa suna zama a jininsa har kusan wata 18, sai gwajin ya nuna yana da cutar ko da ba shi da ita. Dole sai gwajin PCR, mai neman ƙwayar kanta, a mako na shida. Ana tsira diddigen jariri, a cika da'irori biyar na wani kati na musamman da ɗigon jini, a bar shi ya bushe a inuwa aƙalla awa uku, a sa a leda tare da ƙunshin da ke tsotse danshi, a aika ɗakin gwaji. Kowane mataki yana da inda yake lalacewa. Da'irar da ba ta cika ba, ko katin da aka rufe da danshi a damina, ɗakin gwaji zai ƙi karɓa. Katuna su taru a aljihun tebur ana jiran mai babur. Sakamako ya dawo a ajiye a fayil, tunda lambar wayar da aka rubuta ta miji ce, shi kuwa bai san matarsa na shan magani ba, ma'aikaciya kuma ba za ta tona asiri ba. Jinkirin nan kisa yake yi: jaririn da ya kamu tun a ciki bai sami magani ba ya fi mutuwa tsakanin wata biyu zuwa uku, kuma kusan rabin irin waɗannan yara ba sa kai shekara biyu. Inda akwai na'urar GeneXpert, wadda asibitoci da yawa suka samu don gwajin tarin fuka, ana iya samun sakamako a ranar. Barin ta ga tarin fuka kaɗai asara ce.

Akwai kuma abin da ba a tanadar masa gurbi a fom ba, wato goyon ciki. Mai cikin fari ta yi awo a garin miji, ta tafi gidan iyayenta haihuwa, ta zauna wankan jego har ta yi arba'in ko fiye. A asibitin farko an rubuta ta ɓace. A na biyu ko dai ta yi shiru, ko a gwada ta a rubuta ta sabuwa, mace ɗaya ta zama biyu a lissafi. Maganin wannan ba tsada gare shi ba. Tun a wata na bakwai a tambaye ta inda za ta haihu, a ba ta maganin da zai kai ta, a haɗa mata da ruwan maganin jariri a koya mata awon sa da sirinji, a rubuta takardar miƙawa zuwa asibitin da ya fi kusa da gidan iyayenta. Arba'in kuma ta zo daidai da allurar rigakafi ta mako shida, ranar da uwa ke fitowa da kanta. Idan mai allura ta duba kati ta gane jaririn, a zama ɗaya za a ɗauki jininsa, a fara masa Septrin, maganin da ke kare shi daga wasu cututtuka.

PCR na mako shida ya fito babu cuta, sai kowa ya yi hamdala a rufe fayil. Ba a gama ba. Muddin yaro na shan nono haɗarin na nan, mu kuwa yaye sai wajen shekara biyu. Ana so nono zalla wata shida na farko, ba ruwa ba koko, domin haɗa nono da wani abu a wannan lokaci yana ƙara haɗarin kamuwa. A sake gwaji a wata tara, na ƙarshe kuma a wata 18 ko wata uku bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya. Uwa kuma an fi samun ta da sakin magani bayan haihuwa, da tunanin ai ɗan ya riga ya tsira.

Don haka mai sa ido daga jiha ko ƙaramar hukuma, in ya je asibiti, kada ya tsaya ga jimillar wata. Ya buɗe rijistar bibiyar yara, ya koma shafin waɗanda aka haifa shekara biyu da suka wuce, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: nawa aka tabbatar ba su kamu ba, nawa suka kamu aka ɗora su kan magani, nawa suka rasu, nawa aka miƙa wani wuri, nawa ba a san inda suke ba. Ya duba kwana nawa kati ke yi daga diddigen jariri zuwa kunnen uwa, in ya wuce mako huɗu ya nemi inda ya maƙale. Ya tambayi kwanakin da kayan gwaji suka ƙare a watan, domin sifili a rahoto yana iya nufin ba a samu mai cutar ba, yana kuma iya nufin ba a gwada kowa ba.