Baba kwanta, Baba kar ka motsa: jinyar da ke ƙara kwantar da tsofaffinmu

Mu a Sakkwato dubiya ba ta yi mana ƙaranci, ka leƙa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da la'asar ka ga tabarmi da kuloli, dangi daga Wurno da Gwadabawa sun cika baranda. Abin da ke damuna shi ne wannan ƙaunar duk a "Baba kwanta ka huta" take ƙarewa, ruwa a ba shi a baki, buta a riƙe mishi, ko filo ba a barinshi ya gyara da kanshi, sai ka ga dattijon da kwanan nan yake takawa masallaci da ƙafarshi ya koma ko zama sai an tallafe shi. Tsoho in ya jima kwance ba motsi ƙarfin ƙafa zubewa yake da sauri, ga gyambon kwanciya, ga ciwon huhu na jira.

Kuma faɗa ba ya ta da dattijo. Ka tsaya kanshi kana "rage gishiri, sha magani", zai ce to, ya juya fuska bango. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kar ya kai giram 5 a rana, to ina ruwan Inna da giram? A ce mata ƙaramin cokali guda ne, har da na cikin magi, kuma a faɗa wa mai girkin ma, tare da masu zuwa gaida mai ciwon suga ɗauke da katan ɗin lemo.

Abin da nake ganin yana aiki shi ne a tambaye shi, "Baba, in an sallame ka me kake son komawa yi?" Wani zai ce jam'in Asuba, wani gonarshi ta fadama, wata kuma bikin jikarta. To a kan wannan ake ɗora komai, in likita ya yarda yau a taka zuwa bakin ƙofa, gobe ƙarshen baranda, don sahun masallacin nan ake yi ba don nas ta ce ba. Likitoci ma don Allah ku riƙa yi wa mai jikin bayani, ba ku tsallake shi kuna magana da ɗanshi kamar ba ya wajen ba, wallahi wannan yana karya zuciya.

Sannan tsohuwar da ta daina ci, ba ta barci, kullum "ku mai da ni gida na gaji", ba lallai rikicin tsufa ba ne, yana iya zama ciwon damuwa kuma yana da magani. Da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai dangi su ce ai uwarmu ba ta asibitin masu taɓin hankali na Kware ba ce, a bar ta tana ramewa.

Nas-nas ba su da yawa, kowa ya sani, amma kusan kowane gado da mai kula da marar lafiya a gefe dare da rana. Ranar da aka ba da gado a ɗauki minti 10 a koya mishi yadda zai zaunar da Baba, ya taka da shi, da alamun da zai gani ya kira nas.